Abin da kyamara ba ta gani a jikin dolfin

Tun 1970 masu bincike a Sarasota da ke jihar Florida a Amurka suke bin dolfin, dabbar teku mai shayarwa da ke kama da kifi, ɗaya bayan ɗaya, suna gane kowanne ta tsagar fiffiken da ke gadon bayansa. Hotunan da suka taru sun zama kamar katin asibiti. A cikinsu ake ganin tabo mai ɗigo-ɗigo kamar jarfa, wanda ƙwayar bairos 'yar dangin agana ke haddasawa. Ba kasafai yake kisa ba, amma idan ya yawaita a garke ɗaya, sai a fara tuhumar ruwan da suke ciki.

Bayan guguwar Katrina a 2005 an ga wani abin daban a tafkin Pontchartrain kusa da New Orleans: fatar dolfin ta yi gyambo. Ba bairos ba ne. Ruwan daɗi ne ya rage gishirin wurin, dabbar da aka halitta don ruwan teku ta daɗe a cikinsa. An sake ganin irin haka a Ostireliya a 2007 da 2009.

To, ina ganin an fara ɗora wa hoto kayan da ya fi ƙarfinsa. Yana da araha, ba sai an kama dabba ba, shi ya sa kowa ke sonsa. Sai dai daga cikin kwalekwale, cizon kifin shak da ya warke, da ciwon naman gwari, da tabon bairos duk suna iya rikita ido.

Babbar matsalar ma ita ce, mai kisan ba a fata yake zama ba. Ƙwayar mobilibairos huhu da ƙwaƙwalwa take kamawa. 'Yar uwar ƙyanda ce, kuma 'yar uwar cutar shanu ta bushiya, wadda makiyayanmu ba su manta da ɓarnarta ba, sai a 2011 aka bayyana an kawar da ita. Tsakanin 2013 da 2015 dolfin fiye da 1,600 suka mutu a gaɓar Amurka daga New York zuwa Florida, kuma gawarwakin da teku ta watso ne suka tona asirinta a ɗakin gwaji.

Don haka duk hukumar da ta sayi kyamara, ta ware kuɗin likitan dabbobi da zai isa ga gawa kafin ta ruɓe, da firjin ajiye samfur.