Wai shi kansila aikinsa ɗaukar hoto ne?

Duk kun ga hoton, ba sai na sake sa shi ba. Honarabul, kansilan mazaɓarmu, ya ci babbar riga ya tsaya a bakin kwalbatin da ta toshe tun daminar bara, an miƙa masa shebur ya riƙe kamar jariri, yaransa sun rubuta a ƙasa wai jagora ya kai ziyarar gani da ido. Masha Allah. Ruwan da ya shiga gidajen layinmu daren Talata ya jiƙa katifu da buhunan hatsi, shi ma da ido muka gan shi, ba mu kira mai hoto ba.

Hoton ma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci amsar da ya ba dattawa ce. Liman ya tambaye shi cikin mutunci, "Honarabul, yaushe majalisarku za ta zauna a kan maganar nan?" Sai ya sosa ƙeya ya ce zai kai koke wajen Oga, wato ciyaman, in Oga ya samu sarari. Koke! Jama'a, kansila ɗan majalisa ne. Ƙuri'a aka ce mun jefa masa, mazaɓa guda yake wakilta. Shi da 'yan uwansa kansiloli su ne za su duba kasafin kuɗin ƙaramar hukuma su amince ko su ƙi, su yi dokokin kasuwa da tasha da tsafta, su kira ciyaman su tambaye shi ina kuɗin kaza ya shiga. Wanda aka ɗora don ya tuhumi ciyaman, shi ne yake zaman benci a ƙofar ofishinsa yana jiran a ce ya shigo.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa ƙananan hukumomi majalisu zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da su. Jadawali na huɗu ya jero ayyukansu ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har sa wa tituna suna, ga hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Magudanan ruwa fa, Honarabul. Kwalbatin da ka tsaya a kanta tana cikin kundin ƙasa.

Na san masu cewa ai ba a sakar musu kuɗi, gwamna ya riƙe komai a asusun haɗin gwiwa. Na ji. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta ce kantomomin riƙo ba sa bisa doka. To in har yanzu kuɗin ba ya zuwa, wa ya kamata ya fara ɗaga murya? Ni mai shagon gyaran waya? Kansila ɗan majalisa ne. Ya miƙe a zauren majalisa ya faɗa, a rubuta a takarda, mu gani. Shiru ba ya cikin aikin da ya yi rantsuwa a kai.

Wani kuma ya shigo min da cewa mutumin kirki ne, ba a yin suna ko jana'iza bai zo ba, azumin bana ma ya raba gero. Allah ya saka masa. Maƙwabcina direban tifa shi ma yana zuwa jana'iza, kuma bai karɓi albashin kansila ba.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce mutumin ya san wanda ya ba shi kujerar. A zaɓen Oktoban 2024 a Kano, NNPP ta lashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ko ɗaya bai kuɓuce ba. A wannan Oktoban dai a Kaduna APC ta kwashe duka ciyamomi 23. Don haka kada wani ya zo min da zancen jam'iyya, duk kanwar ja ce. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta, sakamako kuma ba ya saɓa wa mai gida. Ku duba Ingila: a Mayun 2025 mutanen Kent suka fusata suka kawar da 'yan jam'iyyar Conservative daga mulkin majalisar yankinsu, jam'iyyar Reform ta ɗauki kujeru 57 cikin 81. Wannan majalisar ce ke kula da tituna da ɗakunan karatu da tsofaffi marasa galihu, kuma kowane kansila ya san bayan shekara huɗu zai dawo gaban mutanen da motarsu ke faɗawa rami. Ba son Reform nake ba, tsoron da kansila yake yi wa mai ƙuri'a nake ƙyashi.

Wallahi ba ƙin Honarabul nake ba. Tare muka yi firamare, na san gidansu, mahaifiyarsa ta sha ba mu tuwo. Abin da ke damuna, har yau ban haɗu da mutum ɗaya a mazaɓar nan da ya san ranar da majalisar ƙaramar hukumarmu take zama ba, ko ma tana zaman. Mu ma da laifinmu: in mun gan shi kuɗin magani muke tambaya, ba mu taɓa cewa ya nuna mana kasafin bana ba. Mun mai da shi mai rabo, shi ma ya yarda. Amma kansila ɗan majalisa ne, ko ya manta ko mun manta.

Asabar mai zuwa dai za mu yi aikin gayya mu yashe kwalbatin da kanmu, bayan sallar asuba. Af, wanda ya ari baro na a gayyar bara, mai jan fenti da tayar da aka yi wa faci, na gan shi a ƙofar gidanka ɗauke da yashi. Ka taho da shi.