Makafi ma suna shiga intanet

Akwai maganar da nake yawan ji daga matasan da ke gina shafukan intanet a Abuja, kuma tana damuna: wai ɓata lokaci ne a yi wa makaho tanadi a shafi, tunda ba ya ganin allon waya. Ba mugunta ke sa su faɗin haka ba. Wanda bai taɓa ganin makaho yana latsa waya ba, dole ya ɗauka abin ba ya yiwuwa.

Alhali kullum ake yi. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, kyauta. Manhajojin nan suna karanta rubutun shafi da murya, makaho yana jan yatsa yana saurare.

Inda gizo ke saƙar shi ne hoto. A ce ɗan kasuwar Wuse ya zuba farashin kayansa cikin hoto guda, ya ɗora a shafinsa. Mai ido zai ga leshi nawa, shadda nawa. Makaho kuwa galibi "hoto" kawai zai ji, ko sunan fayil mai tarin lambobi.

Gyaran ba wuya. A rubuta farashin da rubutu, kowane hoto a cika masa gurbin alt, wato wurin bayanin hoto da manhajar ke karanta wa makaho, da gajeren bayani, kamar "shadda shuɗiya, yadi biyar". Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar, sun tanadi wannan tun 1999, kuma bayanin ba ya fitowa a fuskar shafi, balle ya ɓata kwalliyarsa.