Ku bar mana tsohuwar tashar nan

Wallahi raina ya ɓaci da hoton nan da ke yawo. An yaye kwanon tsohuwar tashar jirgin ƙasa, an ɓalle ƙyamare an kai wa 'yan gwangwan, kuma har ana samun masu rubuta wai ai kango ne, ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi yana tafe. Haba jama'a! Don an ɗinka maka sabuwar riga sai ka cinna wa ta mahaifinka wuta?

Birnin Katsina bai ga layin dogo ba a zamanin Turawa, Daura ma haka. Jirgi ya iso Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Duk abin da jihar nan tamu ta Katsina ta gada na reluwe ke nan, 'yan tashoshin da ke kudancinmu. Idan suka tafi, shi ke nan, ba mu da wasu.

Kada wanda ya zo min da maganar wai Bature ya gina don kwasar auduga da gyaɗa. Mun sani. To wa ya haƙa ƙasar, wa ya yi dakon ƙarfen? Kakanninmu ne. Guminsu ne a jikin ginin nan, kuma shi ake sayarwa a kan kilo.

Wanda bai taɓa shiga irin tashar nan ba ya je ya gani. Bango mai kauri, rufi can sama, ga baranda ta fuskanci layi, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi alhali babu fanka. Tagar tikiti 'yar ƙarama ce da sandunan ƙarfe, hannun mutane ya goge su har sun yi santsi. A gefe ga tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, domin jirgin da ke cin kwal ba ya tafiya sai ya sha ruwa. Yaranmu ba za su fahimci wannan a allo ba, sai sun tsaya a gindinsa.

Ina murna da layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amma hanyarsa daban, faɗin layinsa ma daban. Me ya haɗa shi da yaye kwanon tsohuwar tasha? A gyara rufin, a sa mai gadi, a riƙa kai 'yan makaranta. Ku bar mana ita!

Af, su kuma sababbin tashoshin, don Allah a dasa darbejiya tun yanzu, a ware wa masu fura da ƙosai wuri mai inuwa. Kada a gama gini a zo ana korar iyayenmu mata daga bakin ƙofa.