Asirans ɗinmu dangi ne, su ma sun fara gajiya

Daren jiya ɗan kawuna da ke zaune a jihar Fulorida ta Amurka ya aiko mini da saƙon murya a WhatsApp, har minti tara. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida sai ya ce: "Yaya, wallahi gidan nan ya fara fin ƙarfina. Bashin banki ina biya daidai gwargwado, asirans ce take neman karya ni." Ya ce a ƴan shekarun nan kuɗin inshorar gidansa ya kusa ninkawa, kamfanin da yake tare da shi tun farko ya rubuto masa cewa ba zai sabunta masa ba, kuma ba shi da ikon cewa ya haƙura, don bankin da ya ba shi bashin sayen gidan ya ɗora masa sharaɗin sai da inshora.

Na san wani zai ce wannan damuwar masu hali ce, ina ruwan mutumin unguwar Garin Malam ta nan Damagaram da ita. Ni dai na kwana ina juya maganar, don ta tuna mini da daminar 2024, kuma na ga ciwon nasu da namu uwarsu ɗaya.

Ga yadda abin yake a can. Kamfanin inshora yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa, ya biya ƴan ƙalilan da masifa ta afka wa. Lissafin yana tafiya muddin masifar tana zuwa ɗaya bayan ɗaya, yau gobara a gidan wane, wata uku gaba ɓarawo a gidan wance. Guguwar teku kuwa a dare guda take kwashe rufin dubban gidaje, kowa ya zo da takardarsa a lokaci ɗaya. A 1992 guguwar Andrew ta durƙusar da kamfanonin inshora da dama a Fulorida. A Satumban 2022 guguwar Ian ta yi ɓarnar da ta haura dalar Amurka biliyan 100, kuma a shekarar wasu kamfanonin jihar suka karye. A 2023 kamfanin Farmers ya ce zai daina sayar da inshorarsa a Fulorida. Jihar Luwiziyana ma ta ga irin wannan bayan guguwar Laura ta 2020 da Ida ta 2021.

Su kansu kamfanonin suna sayen inshora daga manyansu, irin su Munich Re na Jamus da Swiss Re na Suwizalan, waɗannan kuwa sun ƙara farashi sosai a farkon 2023. Kayan gini sun yi tsada, mutane na ta ƙara gina gidaje a bakin teku, ruwan tekun kuma yana ƙara ɗumi, abin da ke ba guguwa ƙarfi. Duk wannan a kan mai gida yake ƙarewa. Wanda kowa ya ƙi sai ya koma Citizens, kamfanin da jihar ta kafa a 2002 don waɗanda ba su da mafita, har a 2022 masu rajista da shi suka haura miliyan ɗaya. Wani abin da ya ba ni mamaki, inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta ɗaukar ambaliya. Iska daban, ruwa daban. Na ruwa akwai shirin gwamnatin tarayya da aka kafa tun 1968, shi ma kuɗinsa daban.

To mu dawo Damagaram. A nan in ka ce asirans, mota ake nufi, ita ma saboda jandarma a hanyar Mirriya ko ta Tanut. Ban taɓa sanin mutum ɗaya a unguwarmu da ya yi wa gidansa na ƙasa inshora ba, kuma ban ga kamfanin da zai zo Birni, tsohuwar unguwar garin, ya dubi katangar tubali ya ce ya ɗauka ba. Amma kar mu ce ba mu da inshora. Muna da ita, sunanta dangi da maƙwabta. In ɗakinka ya faɗi, wanka ya aiko da jika ashirin, surukinka ya kawo azara, samarin unguwa su yi maka gayyar kwaɓa ƙasa, wani ya ba iyalinka zaurensa su kwana. Kuɗin da kake zubawa kuwa shi ne zuwanka biki da suna da jana'iza, da hannun da ka miƙa ranar da ta faɗa wa wani. Tsari ne mai kyau, ya riƙe kakanninmu, kuma ina alfahari da shi.

Sai dai rauninsa irin na kamfanonin Fulorida ne sak.

A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba saboda mutanen da suka rasa muhalli suna cikin azuzuwa. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Duk wanda ya ga bidiyon a wayarsa ya san abin da ya ji a ƙirjinsa. Ginin da ya ga sarakuna, ya ga zuwan Turawa da tafiyarsu, ruwa ya kwantar da shi.

A cikin makon da masallacin ya rushe ne ɗakin Gwaggona ya faɗi. Wajen ƙarfe uku na dare ƴarta ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce: "Yaya, ka zo, bangon ɗakin Inna ya tafi." Na isa da fitilar waya, ruwa har gwiwa a tsakar gida. Allah ya sa Gwaggo ta ji ƙasa na zubo mata a kan gidan sauro, ta tashi jikokinta biyu suka fito, ba su kai ƙofar zaure ba bangon gabas ya zauna. Na same ta tsaye cikin ruwa, zane jiƙe, ta rungume akwatin ƙarfen da take ajiye takardun fili da carbin marigayi mijinta. Buhun hatsi biyu na ƙarƙashin ƙasar. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce mini: "Ɗana, indararon nan tun bara nake cewa a gyara."

Da gari ya waye na fara kiran dangi kamar yadda aka saba. Na kira wana, ya ce katangarsa ta faɗi. Na kira na Maradi, ya ce su nasu ya fi namu, iyalinsa na gidan surukai. Maginin da muka saba da shi ya ce mutum goma sha na gabanmu, kuma ƙasa jiƙe take, ba a tubali cikin ruwa. Tol da siminti suka hau a kasuwa. Wanda ya cece mu a ƙarshe shi ne ɗan kawun nan nawa na Fulorida. Shi ne ya zama mana kamar Munich Re ɗin can, wanda ake komawa gare shi in na kusa sun gaza. Yau ga shi yana gaya mini shi ma ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Wannan ne ya hana ni barci. In na waje sun gaji, na gida kuma ruwa ɗaya ya doke su tare, wa za a kira?

A ganina tsadar inshora a Amurka, duk da zafinta, tana yin wani aiki: tana gaya wa mutum a rubuce, kowace shekara, cewa inda ka zauna akwai haɗari. Har rangwame suke yi wa wanda ya ƙarfafa rufinsa ya ɗaure shi da ƙarfe. Mu ba mai aiko mana da wannan takarda. Sai mutum ya sayi fili a bakin tafki ko a kan hanyar ruwa cikin rani, ƙasa busasshe, dillali na rantsuwa ruwa ba ya zuwa nan. Garinmu a kan duwatsu yake, ruwa ba ya nutsewa da sauri, gangarowa yake yi ya nemi tsohuwar hanyarsa. Tsofaffi sun san hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon masu yanka filaye da masu sa hannu a takardu su ji tsoron Allah, kar a ƙara ba talaka fili a kwari. Mu ma mu daina cika magudanai da leda da shara.

Na san malamai da yawa ba su yarda da inshorar kamfani ba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta, kuma ina girmama wannan. Amma akwai takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a matsayin gudummawa, a taimaki wanda ta faɗa wa daga ciki. Mu da muka iya adashe, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ko gwamnatoci suna yin irinsa: a 2015 Nijar da Senegal da Muritaniya sun karɓi fiye da dalar Amurka miliyan 26 daga asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, don sun zuba tun kafin farin ya zo.

Abin da nake so mu gwada ƙarami ne. Kowane gida ya zuba abin da zai iya duk wata, ko ɗari biyar ne na sefa, tun daga kaka. Kuɗin nan kada a jira sai ɗaki ya faɗi. A watan Afrilu da Mayu a bi gida-gida da magini, a duba yaɓe, a duba indararo, a yi wa gindin bango dakali, a fara da gidajen zawarawa da tsofaffi. Gyaran indararon Gwaggo bai kai jika biyar ba. Sake ɗakin ya ci mana fiye da jika ɗari huɗu, kuma har yau ba a yi masa daɓe ba.

Na yi magana da liman da mai unguwarmu, sun amince mu zauna ranar Juma'a bayan la'asar a zauren mai unguwa. Gida goma sha ɗaya sun ce za su shiga. Muna neman mutum biyu masu amana da za su riƙe littafi, mace ɗaya namiji ɗaya, da magini ɗaya da zai yarda ya zaga da mu kafin ruwan farko.