Ungulu ta ƙaurace wa mayankar Katsina, doka na barci

Duk wanda ya girma a Katsina ya san yadda ungulaye ke jeruwa a kan katangar mayanka da rassan rimi, suna jiran mahauta su zubar da abin da ba a so. Yau yaro ɗan shekara goma zai iya girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Ba doka muka rasa ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai ta tarayya ta 1985 da aka gyara a 2016 aka ƙara tsananta tara, ga kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007. To amma wane mafarauci a Batsari ko Safana aka taɓa karanta wa su da Hausa? Mai sayar da kan ungulu da fukafukanta ga masu tsibbu yana baza kolinsa a kasuwa ido na ganin ido, domin ya san ba mai ce masa uffan.

Ungulu ba ta jewar banza. Mushen da take cinyewa cikin sa'o'i, yanzu sai ya kwana yana ruɓewa a bakin gari, karnuka da ƙudaje su yi ta ɗibar cuta suna kai wa gidaje. Sannan gubar da ake barbaɗa wa mushe don kama ta ba ta zaɓen baki. Shaho da hankaka duk suna bi.

Ga kuma masauki. Ungulu da shamuwa manyan itatuwa suke so, mu kuwa muna sare rimi da gawo don gawayi da itacen girki. Dajin Rugu, da ya kamata malaman daji su riƙa kewayawa, rashin tsaro ya hana su shiga.

Ni a ganina, Majalisar Dokokin Katsina ta sabunta dokar 1963, a fassara ta, a riƙa karantawa a rediyo. Masarautun Katsina da Daura kuma su ɗora wa Sarkin Fawa da Sarkin Kasuwa alhakin hana wannan ciniki, tunda su suka san mai kawowa da mai saye. Dagaci kuma kada ya bari a sare rimin da ke da sheƙa a kai.