Farar shamuwar da na gano a bakin kududdufi

Duk abin da ya same ni ranar Asabar bakina ne ya jawo min. Ɗan ƙanwata, wanda kuka sani, mai karatun tsuntsaye a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, shi ya zo gida yana ba mu labarin wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun dajin Amurum, wai sai a 1998 masana suka gane jinsinsa daban ne. Na ce masa yaro, tsuntsun da kake karantawa a littafi, ni da danƙo na san shi, na fige na gasa na ci. Ya ce to Kawu, gobe muna da fita, sai ka zo ka koya mana. Uwargida ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ƙarfe shida na safe muna bakin wani tsohon kududdufin kuza a bayan gari, irin ramukan da masu haƙa suka bari ruwa ya cike su. Afrilu ne, amma kun san Jos da sassafe. Mu tara. Kowa ya sa kaya masu launin ciyawa, ni kaɗai na zo da farin yadi mai guga. Wani mai hular kaboyi, da littafin rubutu rataye a wuya, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, cikin raɗa, farin kaya na korar tsuntsu. Komai nasu raɗa ne, kamar gidan makoki.

An ga kirinjijiya suna fito, an ga zalɓe a tsaye kamar mai bin bashi, zakaran ƙeƙuwa ya tona mana asiri da ihu. Yaron ya nuna min tsattsewa suna shawagi a kan ruwa, ya ce wasunsu haramar komawa Turai suke, za su ƙetare Sahara da ɗan jikin nan nasu. Ni ma na ce ga belbela can. Mai hula bai ko ɗago ba, ya ce an rubuta ta tun ɗazu. Na haɗiye.

To dama a mota na ji suna zancen farar shamuwa, ba irin tamu baƙa mai zuwa da damina ba, ta Turai, mai jan baki da baƙin gefen fiffike. Suka ce wanda ya gan ta a nan ya yi babbar sa'a. Na riƙe wannan a raina.

Da aka ara min madubin hangen nesa, sai da na fara riƙe shi a juye, wannan ku bar shi. Ina gyarawa, ina zagaya tsallaken ruwa, sai ga ta. Fara ƙal, a tsaye kan ƙafa ɗaya a gefen ciyayi, ga ja a sama, ga baƙi a gefe. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ɗaga hannu kamar liman zai kabbara, na ce, ni ma da raɗar, “Kowa ya tsaya. Farar shamuwa.”

Jama'a, mutum takwas suka durƙusa. Wata baiwar Allah mai kyamara doguwa kamar taɓarya ta kwanta rubda ciki a kan raɓa. Ni kuma na shiga bayani. Na ce ku lura da yadda take kaɗa wuya. Na ce kifi take dako. Har na ce, Allah Ya yafe min, da alama mace ce. Na ja su da rarrafe muka matsa, gwiwoyin farin yadina suna nutsewa a taɓo, ina yi wa na baya alama da hannu su rage motsi. Ɗan ƙanwata ya duba ta babban madubinsu mai ƙafa uku, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali, “Kawu.” Na ce yi shiru za ka kore ta. Ya sake cewa, “Kawu, akwai rubutu a jikinta.”

Buhun takin zamani ne. An soke shi a kan kara don korar tsuntsaye daga kabeji. Jan bakin sunan kamfani ne, baƙin fiffiken kuma igiyar roba da aka ɗaure shi da ita. Mai hula ya leƙa, ya karanta mana a fili: kilo 50. A nan ne kawai ya manta da raɗa.

Amma ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. Tsohon nan mai lambun ne. Tun farko yana zaune kan injin ban ruwansa, taku kaɗan daga inda muke, yana shan koko a kwano, yana kallon manya da gemu suna rarrafe zuwa wajen buhunsa. Ko tari bai yi ba. Sai da aka gama dariya ya taso, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Alhaji, in kuna so akwai wasu uku a can ƙasa.” Na ce Baba, me ya hana ka magana tun farko? Ya ce ya ɗauka ma'aikatan gwamnati ne masu awon fili, shi kuma ba ya shiga aikin hukuma. Mutumin da ya ga ma'aikacin gwamnati yana rarrafe da farin yadi ya ce wannan daidai ne! Ƙarshe ma sai da ya sayar min da kabeji biyu da ƙullin karas, farashin da ko a kasuwar Farin Gada ba za a faɗa min ba, na biya don kunya ta hana ni tayi. Ɗaya kabejin ma tsutsa ta riga ni.

Muna dawowa mota aka ce an ga wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da ke zuwa daga can arewacin Turai. Ban karɓi madubin ba.

Yadin yana wajen mai wanki, ya ce jan taɓon Jos sai a hankali. Uwargida ta yanka kabejin da ya rage a kan shinkafa, ba ta ce komai ba, sai da na kai loma ta uku ta tambaye ni wai macen ce ko namijin.