Haydn, makaɗin fadan da ya yi wa ubangidansa habaici da goge

Duk wanda ya ce bai taɓa jin tsohon kiɗan Turai ba, a tambaye shi ina yake zuwa daren Talata da Laraba. Taken Champions League ɗin nan da ke tayar da tsikar jikin 'yan kallon ƙwallo, a 1992 Tony Britten ya gina shi a kan waƙar da wani tsohon mai tsara kiɗa, Handel, ya tsara a 1727 don naɗin Sarki George na Biyu. Tun daga ranar ba a sake naɗa sarautar Ingila ba sai da aka rera ta, har kan Charles a 2023. Kiɗan fada ne tsantsa, mu kuwa muna ta bin sa da baki ba mu san kalma ɗaya ba.

Shi ya sa nake gajiya da masu cewa wannan kiɗan 'yan boko ne, ko maganin barci. Da yawa daga cikin masu tsara wannan kiɗan barorin fada ne masu ubangida, kamar dai makaɗan sarakunanmu, cinsu da suturarsu duk a hannun mai gida suke. A cikinsu kuwa gwanina Joseph Haydn ne. Na san za a ce ina Mozart, ina Beethoven. Suna nan, ban raina su ba.

Haydn ɗan talaka ne, ubansa mai gyaran ƙafar amalanke a wani ƙauye na Ostiriya. A 1761 ya kama aiki gidan Esterházy, wasu yarimomin ƙasar Hungari, ya yi kusan shekara 30 yana sa kayan fada, kullum ya je gaban Yarima ya ji ko akwai kiɗan da ake so. To a 1772 Yarima Nikolaus ya tare a fadarsa ta Eszterháza a ƙasar Hungari, ya ƙi komawa gida. Makaɗa sun baro matansu a Eisenstadt, watanni sun ja, kowa ya ƙosa, amma wa ya isa ya ce wa Yarima a tashi? Sai Haydn ya rubuta simfoni ta 45, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da taron makaɗa ke bugawa tare. Ana cikin kashin ƙarshe, kiɗa na gudu, kwatsam ya lafa. Mai busa ya gama layinsa, ya hure kyandir ɗin gabansa, ya ɗauki kayansa ya fice. Wani ya bi shi, wani ma haka, har dandali ya rage masu goge biyu kacal, ɗayansu Haydn da kansa. Ba wanda ya buɗe baki, amma Yarima ya gane karatun, washegari aka ɗaura kaya.

Ku gaya mini, wane mai habaici ne ya fi wannan iya bakinsa? Ya isar da kukan yaransa, bai ci mutuncin mai gida ba, bai kuma rasa tuwonsa ba. Ko yau ƙungiyoyi da dama in za su buga ta, haka suke ficewa ɗaya bayan ɗaya. A neme ta a YouTube, a kalla da ido, don jin sauti kaɗai ba zai ba da rabin labarin ba.

Kuma mutumin akwai barkwanci. A simfoni ta 94 da aka fara bugawa a Landan a 1792, yana lallaɓa ka da sanyin kiɗa, sai duk makaɗan su buga sau ɗaya da ƙarfi, gabanka ya faɗi. Ana cewa masu gyangyaɗi ya nufa, shi kuwa ya ce so yake kawai ya zo wa jama'a da sabon abu.

Gaskiya Beethoven ya fi shi tsawa da zafin rai, in mutum na cikin ɓacin rai wurinsa zai je. Amma ni ba kullum nake son a girgiza ni ba. Masoyansa su zo mu yi ta musu, sai dai kada su manta da ya sauka Vienna a ƙarshen 1792, wurin Haydn ya je ɗaukar darasi.